Fada Joseph Kenny: Ɗan Katolikan da Ya Tsufa a Kan Littattafan Zaurukanmu

 

Bisa al'ada, wannan fili na tarihi mukan keɓe shi ne ga mutanen cikin ganuwa, wato malaman da suka raya zauruka, da fataken da suka bi hanyar Gwanja, da sarakunan sana'a na marina da maƙera da dukawa. Bana za mu ɗan ratse, mu yi magana a kan mutumin da ba ɗan unguwarmu ba ne, ba Bakano ba ne, kai ba ma Musulmi ba ne. Mun san akwai waɗanda za su ɓata rai tun daga ganin kan magana. Muna roƙonsu su daure su kai ƙarshe, domin duk da sunansa ne a sama, maganar ta gidanmu ce.

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙarami ne. A wani hutu da ya gabata, ɗan wani ƙaninmu da ke aiki a Legas ya zo gida ganin dangi. Yaron haihuwar can ne, yana jami'a, ga ladabi ga son addini, sai dai Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, Larabci kuwa iyakarsa abin da zai yi salla. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai ya fito da wani littafi da ya sha hannu, ya ce shi yake dubawa idan hukuncin alwala ko na rafkanuwa ya shige masa duhu. Muka karɓa muka buɗe, sai ga Risala, wadda muka sani tun muna yara, an juye ta zuwa Ingilishi, bugun Minna na shekarar 1992. Sunan mai fassarar Joseph Kenny. Yaron ya ɗauka wani Bature ne da ya musulunta, mu ma da farko haka muka zata. Da muka bi diddigi sai muka tarar ashe Fada ne, wato limamin Kirista na ɗarikar Katolika, kuma a kan addininsa ya rayu, a kansa ya mutu.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata matasa su san yadda zaman birnin nan da 'yan mishan ya kasance, don su gane abin da ya sa lamarin ya ɗaure mana kai. A shekarar 1900 wata tawagar mishan ta Ingila ƙarƙashin Bishop Tugwell, cikinta har da Likita Miller wanda daga baya ya zauna Zariya, ta iso Kano, amma Sarki Alu bai bari sun kwana da yawa ba ya sallame su. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, wannan kuwa ya sa aka hana mishan aiki a cikin biranen sarakuna. Majami'u sai suka tsaya a Sabon Gari, inda ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni daga Kudu suka sauka. Hatta makarantar Ɗan Hausa da gwamnati ta buɗe a Nassarawa a 1909, iyayenmu sun daɗe suna yi mata kallon tarko. A 1948 wasu mata masu zaman zuhudu 'yan ƙasar Ayaland, na ƙungiyar St. Louis, suka sauka Kano suka kafa makarantar 'yan mata, kuma sannu a hankali wasu gidajen Musulmi suka riƙa kai 'ya'yansu can. Mu dai mun tashi muna hango Fada da Sista daga nesa, cikin fararen kaya, a hanyar Sabon Gari ko ta Bompai. Sanin da muka yi musu na makaranta ne da asibiti. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa a cikinsu akwai mai iya buɗe littafin fiƙihu na Larabci ya karanta ba.

An haifi Joseph Kenny a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1936. Yana saurayi ya shiga ƙungiyar Dominikan, wadda wani mutumin Sifen mai suna Dominic ya kafa, Paparoma ya amince da ita a 1216. Duk wanda ya shiga wannan ƙungiya yakan ɗauki alkawarin ba zai yi aure ba, ba zai mallaki dukiyar kansa ba, kuma zai yi biyayya ga na gaba da shi, inda aka tura shi nan zai tafi. Abin da aka fi sanin su da shi shi ne zurfin karatu da wa'azi, kuma daga cikinsu ne aka samu Thomas Aquinas, wanda ya mutu a 1274, babban malamin tauhidin Katolika da ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushdi cikin fassarar Latin. An naɗa Kenny Fada a 1963, shekara ta zagayo aka turo shi Nijeriya yana da shekara 28.

'Yan ƙungiyar tasu sun fara sauka ne a Yaba ta Legas a 1951, sannan a 1953 aka danƙa musu lardunan Sakkwato da Katsina, suka yi sansani a Gusau ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop a 1964. Mabiyansu a lokacin yawanci mutanen Kudu ne, sai wasu Maguzawa na yankin Malumfashi. A nan arewa ne matashin Fadan ya koyi Hausa. Zuwansa ya dace da wani babban taron shugabannin Katolika da aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965, wanda a ƙarshensa aka fitar da wata takarda da ta yi magana a kan Musulmi da mutuntawa, ta amsa cewa Allah ɗaya suke bauta wa, suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, ta kuma yi kira da a bar tsohuwar gaba. Mai lura zai ga cewa takardar ba ta ambaci Manzon Allah (SAW) ba, ba ta kuma ambaci Alƙur'ani ba, wannan kuwa ba ƙaramin giɓi ba ne a wurinmu. Amma ga mutanen da suka yi ƙarnoni suna kallon Musulmi ta fuskar yaƙi, ko hakan ma wani mataki ne.

Shugabannin Kenny suka ga babu amfanin zama a tsakiyar Musulmi ba tare da an samu ko mutum ɗaya da ya san addininsu daga tushe ba, sai suka ɗora masa wannan nauyi. Lokacin kuma ba mai daɗi ba ne. Kashe-kashen 1966, waɗanda Kano ma ta ga nata rabon baƙin cikinsu, sun sa mutanen Gabas sun kwashe sun koma gida, majami'un arewa suka zama kamar kango, Bishop Lawton kuma ya mutu a ƙarshen wannan shekara. A wannan tsakanin ne aka tura Kenny koyon Larabci a Roma da Tunisiya, daga nan ya wuce Jami'ar Edinbara ta Sikotilan, inda ya zauna gaban Farfesa Montgomery Watt, ya kammala digiri na uku a 1970.

To, a nan ne labarin ya fara shigowa cikin ganuwa. Da aka ce ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, bai nufi wani malamin Bagadaza ko na Sham da Turawa suka saba rubutu a kansa ba. Sai ya ɗauki Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 895 ta Hijira, daidai da 1490. Muna jan hankalin yara kada su rikita shi da Sanusin ɗarikar Libiya, wanda ya zo bayansa da fiye da shekara 300, balle kuma Sarkin Kano Sanusi. Wannan shi ne mai littafin nan na tauhidi da malamanmu suke kira Ummul Barahina, wanda da wuya a samu tsohon zaure a Madabo ko Sanka ko Kabara da ba a karanta shi a ciki ba. Littattafan aƙida da ya rubuta hawa-hawa ne, akwai babba, akwai matsakaici, akwai ƙarami. Ƙaramin shi ne ya game ƙasashen nan namu, matsakaicin kuma shi ne Kenny ya tsaya a kansa ya yi nazari.

Wanda ya taɓa zama gaban malami a wannan fanni zai tuna yadda ake farawa da raba hukuncin hankali gida uku: abin da ya wajaba, da abin da ya koru, da abin da ya halatta. Daga nan a shiga siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, tun daga samuwa, da rashin farko, da wanzuwa, da saɓa wa halittu, da tsayuwa da Kai, da kaɗaitaka, har zuwa iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da zance, kowace siffa kuma a kawo kishiyarta da ta koru, a kafa mata hujja. Wannan karatu ya yi ƙarfi a ƙasar nan har Fulani suka mayar da shi harshensu suna haddacewa, wasu ɗalibai ma suka wuce gona da iri suna kafirta talakan da bai iya jero hujjojin ba, sai da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi ya yi musu raddi. Mun san a yau akwai masu sukar wannan hanya ta ilmin kalami baki ɗayanta, amma ba nan ne filin wannan jayayya ba. Abin da muke nunawa shi ne, wannan baƙo ya gane cewa mai son sanin abin da Musulmin Afirka ta Yamma ya ƙudurce a zuciyarsa, to, ya nemi littafin da malamansa suke karantar da shi. A ganinmu kuma, mutumin da ya sha karatun Aquinas ba zai ji baƙunta a gaban Sanusi ba, domin dukansu biyu da manɗiƙi suke aiki, kuma daga halitta suke kafa hujja zuwa ga Mahalicci.

Bugu da ƙari, Tilimsan ba baƙon gari ba ne a tarihin Kano. Daga can ne Shehu Magili ya fito, shi da Sanusi kuwa zamani ɗaya suka yi. Ya iso nan a wajejen 1492, lokacin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan wajibban sarauta, kuma unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari suna nan suna tuna mana da shi. Ta hanyar Sahara da ya biyo ne littattafan Magrib suka riƙa shigowa a bayan raƙuma, ana kwafarsu da hannu, ɗalibi ya gada daga malami. Ɗanmu marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Kano, a kan Magili ya yi nasa digirin na uku a Landan a 1972, shekara 2 kacal bayan na Kenny.

Bayan ya dawo Nijeriya, aikin koyarwa ne ya ci sauran rayuwarsa. Ya karantar a Sashen Nazarin Addinai na Jami'ar Ibadan daga 1979 zuwa 2001, wato shekara 22, har ya kai matsayin farfesa, yana kuma koyar da masu shirin zama Fada abin da Musulunci ya ƙunsa. Yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa cibiyar karatu ta ƙungiyarsu a Ibadan, wadda daga baya ta zama jami'a. Ya yi rubutu a kan farkon Musulunci, da yadda ya yaɗu daga Arewacin Afirka zuwa Yammacinta, da falsafar malaman Musulmi, da tarihin cocin Katolika a Afirka daga 1445 zuwa 1850. Wannan zango na tarihi ma ya taɓa ƙasar Hausa, domin akwai wasu limaman Katolika biyu da suka taso daga Tarabulus suka biyo ta Agadas suna neman wata al'ummar Kirista da aka ba su labari, ajali ya cim musu a Katsina a 1711.

Sai dai mu, abin da ya fi shafar mu shi ne Risala. Mai ita shi ne Abdullahi ɗan Abu Zaidi, mutumin Ƙairawan ta Tunisiya, wanda aka haifa a 922 ya rasu a 996, malamin da saboda zurfinsa a mazhaba ake yi masa laƙabi da ƙaramin Maliku. Ya rubuta ta ne bisa roƙon wani malamin yara, domin a riƙa koya wa ƙanana abin da ya wajaba su ƙudurce da abin da ya wajaba su aikata. A lura da wannan da kyau: littafin yara ne. Ya fara da babin aƙida, ya shiga tsarki da salla da jana'iza da azumi da zakka da hajji, ya wuce yanka da rantsuwa da aure da saki da ciniki da shari'a da gado, ya ƙare da ladubban ci da sha da sallama da neman izini. Babi 45 ne, kuma babu wani lungu na rayuwar Musulmi da bai leƙa ba.

A tsarin zaurukan birnin nan, yaro idan ya sauke Alƙur'ani sai ya fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, sannan a ce ya isa ɗaukar Risala. Bayanta sai Askari, mai dogon numfashi kuma ya kai ga Muhtasar. Waɗanda suka ga wannan zamani za su tuna yadda ake yi. Bayan sallar asuba malam yana kan buzunsa, littattafai jibge a gefensa, ɗalibai sun zagaye shi, kowa da gafakarsa, wanda ya riga zuwa shi zai fara. Cikinsu akwai ɗan shekara 15, akwai mai furfura da ya rufe rumfarsa a Kurmi ya zo. Ɗalibi ya ja jumla da Larabci, malam ya mayar masa da Hausa kalma bayan kalma, in an zo wuri mai sarƙaƙiya ya miƙa hannu ya jawo Samaruddani ko Fawakihu ya warware. Wanda ba layinsa ba ne yana saurare, saboda haka kafin mutum ya kai wani babi ya riga ya ji shi sau da yawa a bakin wasu. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a yin jarrabawa, ba a ba da takardar shaida, amma duk unguwa ta san wanda ya iya da wanda bai iya ba. Wannan karatu ne ya cika Hausa da kalmomin da muke faɗa ba tare da mun san aro ba ne: farilla, sunna, mustahabbi, makaruhi, ƙabli da ba'adi, idda, wasiyya, amana.

Wannan ne ya sa aikin mai fassara zuwa Ingilishi ya fi na malamin zaure wuya ta wata fuska. Malam idan ya ce mustahabbi, ɗalibinsa ya riga ya ji kalmar a bakin uwarsa. Ingilishi kuwa ba shi da wannan gado, dole mai fassara ya nemo kalma mafi kusa, ya tsaya a kanta daga farkon littafi zuwa ƙarshe, ya kuma yi bayani a inda ta gaza. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo yana neman yadda zai fahimtar da yara abu da harshen da ba nasu ba, ya san nauyin wannan. Ba Kenny ne ya fara ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Wani Bafaranshe mai suna Léon Bercher ya mayar da ita Faransanci a 1945, kuma namu Alhaji Bello Muhammad Daura ya yi tasa fassarar ta Ingilishi. Abin da ya bambanta ta Kenny shi ne wanda ya yi ta da kuma waɗanda suka buga ta. Cibiyar Islamic Education Trust ce ta Minna, wadda marigayi Shaihu Ahmad Lemu da maiɗakinsa marigayiya Hajiya A'isha Lemu suke cikin waɗanda suka kafa ta a 1969. Mutane ne da suka ƙare rayuwarsu a kan da'awa da tarbiyyar 'ya'yan Musulmi. Da sun ga ha'inci ko karkatar da ma'ana a aikin, ba ma zaton za su ɗora sunan cibiyarsu a kansa.

Yanzu kuma sai mu juya ɗaya gefen, don kada a ce mun yi tuya mun manta da albasa. Fada Kenny bai yi wannan karatu don yana neman shiga Musulunci ba, bai kuma taɓa ɓoye ko shi wane ne ba. Ɗan mishan ne, cocinsa yake yi wa aiki, kuma ɗalibansa na kusa su ne waɗanda za su jagoranci majami'u. Hannun da ya fassara Risala shi ne ya fassara wata maƙala ta Aquinas da aka rubuta domin ba da amsa ga sukan da Musulmi suke yi wa aƙidar Kirista, shi ne kuma ya ɓata shekaru yana tattara littattafan Aquinas cikin Ingilishi yana sa su a intanet. Da aka shiga muhawarar shari'a a ƙasar nan, tun daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, da batun shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, ya yi rubutu daga mahangar Kirista, damuwarsa kuma ita ce matsayin mutanensa. Allah da ikonSa, a Gusau ɗin da ƙungiyarsu ta fara sansani ne aka ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta biyo baya a 2000. Akwai abubuwa da dama a ra'ayinsa da ba mu yarda da su ba, kuma ba ma shawartar kowa ya ɗauki fatawa daga wanda ba ya bin addinin. Magabata sun yi gaskiya da suka ce a duba daga wa ake karɓar addini.

Amma akwai bambanci tsakanin mai saɓa maka bayan ya karanta littafinka da mai zaginka bai san ko bangonsa ba. Mutanen Kano sun ɗanɗana kuɗar irin na biyun daga kowane ɓangare. Mun ga Oktoban 1982, mun ga Oktoban 1991 lokacin zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, mun ga Mayun 2004, kuma duk wanda ya kwashi gawa ko ya ɓoye maƙwabci a ɗakinsa a waɗannan ranaku ya san farashin jahilci da zafin kai. Shi wannan mutum ya zaɓi hanya mai tsawo, ya koyi Hausa, ya koyi Larabci, ya zauna da littafi. Ya shigo ƙasar nan yana saurayi, ya yi kusan shekara 50 yana wannan aiki ɗaya, ba mata, ba ɗa, ba gidan kansa, har ajali ya sauko masa a watan Janairu na 2013 yana da shekara 77. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, ba mu da ta cewa a nan. Himmarsa kuwa a fili take, yabon gwani kuma ya zama dole.

Abin da ya hana mu barci bayan yaron nan ya nuna mana littafin ba Fadan ba ne, mu ne. Za mu fara da kanmu. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da yawanmu a tsakiyar Iziyya ko farkon Risala muka ajiye karatun zaure, da niyyar za mu koma idan mun samu sarari. Sarari bai samu ba sai da furfura ta fito. Da muka zama shugabannin makarantu, da Ingilishi da lissafi muke auna yaro, darasin addini da na Hausa kuwa mukan tura su ƙarshen jadawali, lokacin da rana ta take yara suka gaji. Ku kuma da kuke birane kun biya kuɗi masu yawa 'ya'yanku sun yi karatu mai kyau, Allah Ya sa albarka, amma a gidaje nawa ne ake yin Hausa a kan tabarmar cin abinci? Yaron da kakan kakansa ya kwafi Risala da alƙalamin kara, yau sai da wani mutumin Shikago ya yi masa tafinta sannan ya san abin da ke warware alwala. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Mu zagaya unguwa mu gani. Zauruka nawa ne aka fasa aka yi shaguna bayan rasuwar mai su? Adakoki nawa ne cike da littattafan hannu suke jibge a soraye, gara tana ci, ruwan damina yana zuba, magada kuma suna jiran ranar rabon gida? Ba cewa muke karatun ya mutu ba. Alhamdu lillahi har yanzu akwai malamai a cikin birni da suke zama bayan asuba da bayan magariba, akwai Islamiyyu, akwai Makarantar Koyon Larabci da ta samo asali tun 1934, akwai Jami'ar Bayero. 'Ya'yanmu na birane ne igiyarsu ta tsinke. Wannan ƙungiya ta gina rijiyoyin burtsatse, ta gyara magudanan ruwa, ta kewaye maƙabarta, duk ayyukan lada ne. Muna roƙon shugabanni su duba ko a kasafin baɗi za a ware wani abu domin alawus na malami ɗaya ko biyu da za su riƙa zama da yaran da suke zuwa hutu, da kuma sayen akwatuna da maganin gara, da ɗaukar hoton littattafan gidajen da suka amince, tare da neman shawarar masana na Jami'ar Bayero ko na Gidan Ɗan Hausa. Kuɗin ba zai kai na walimar taron shekara ba.

Shi yaron namu, washegari muka kama hannunsa muka kai shi wurin wani dattijo da ke karantarwa a bayan gidanmu, muka yi masa bayanin halin da yake ciki. Malam ya karɓi littafin Ingilishin ya jujjuya, ya tambayi wanda ya yi shi, muka gaya masa gaskiya. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce a bar masa abinsa ya riƙa dubawa a gida, amma a nan zaure na Larabcin za a buɗe. Ya sa aka sayo masa bugu mai jar takarda a Kurmi. Kwana 9 suka yi suna zama bayan la'asar, malam yana ja yana fassarawa da Hausa, wani ɗalibi yana taimaka masa da Ingilishi a inda Hausar ta fi ƙarfinsa. Sun gama babin aƙida, sun shiga na abin da ke wajabta alwala da wanka, hutu ya ƙare. Ya tafi da na Ingilishin, na Larabcin kuma malam ya sa tsinke a shafin da suka tsaya, ya ɗora shi a kan tarin littattafansa.